Daga Zangon Fatake zuwa Tashar Wi-Fi: Tarihin Rabon Iska da Abin da Ya Shafi Gidan Haya a Kasalgu

Kalmar zango tana cikin kalmomin da suka fi yin tafiya a harshen Hausa. Asalinta wurin da ayari yake sauka ya kwana ne, kuma da ita ake kiran nisan da ke tsakanin masauki da masauki. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro su suka kawo ta ƙasar da ake kira Gana a yau, har ta zama sunan unguwar baƙi a Salaga da Yendi da Kumasi da Tamale. Da rediyo ya zo, masu fassara suka sake ɗora mata wani kaya, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango, suna nufin tazarar da ke tsakanin tudun igiyar rediyo da tudun da ke bin sa, kamar yadda ake ganin igiyar ruwa a kogi. Zaɓin ya dace ƙwarai. Duk wanda ya san ayari ya san cewa idan ayari biyu suka sauka a zango ɗaya, rijiya ɗaya ce, inuwa ɗaya ce, dole a yi rabo ko a yi faɗa. Tarihin sadarwa ta iska, daga 1901 zuwa yau, mafi yawansa tarihin wannan rabo ne.

Abin da ya sa na waiwayi wannan tarihi ƙaramin abu ne. Na yi wasu makonni a Kasalgu, cikin yankin Sagnarigu a gefen Tamale, a gidan haya mai ɗakuna tara kewaye da tsakar gida. Akwai ɗalibai, akwai tela mai karɓar aiki ta WhatsApp, akwai malamar makaranta. Shida daga cikin ɗakunan suna da na'urar raba intanet, wadda ake kira rauta. Da an yi sallar isha'i sai ƙorafi ya tashi: hoto ya tsaya, murya tana yankewa, ga kuɗin data yana tafiya. Kowa yana ɗora laifi a kan kamfanin waya. Da na duba da manhajar da ke nuna tashoshin da ke kusa, sai na ga huɗu daga cikin rautocin suna zaune a tashoshi na 3 da 4 da 6 da 8, wato kowace tana taka ƙafar 'yar'uwarta. Domin a fahimci dalilin da ya sa wannan jeri ya zama matsala, sai an koma baya fiye da shekara ɗari.

Lokacin da iska ba ta da sarki

Guglielmo Marconi ya ba da labarin cewa a ranar 12 ga Disamba 1901 ya kama sigina a Newfoundland wadda aka aiko daga Poldhu a ƙasar Ingila, ta ƙetare tekun Atlantika. Na'urorin wancan zamani da tartsatsin wuta suke aiki, kuma tartsatsi ba ya tsayawa a zango ɗaya, watsuwa yake yi ya cika ko'ina. Idan tashoshi biyu suka yi magana a lokaci guda, mai sauraro ba ya jin ko ɗaya. Marconi ya san wannan rauni. Tun a 1900 ya yi rajistar wata dabara, mai lamba 7777, ta daidaita mai aikawa da mai karɓa a kan zango guda, ya kuma riƙa cika baki cewa ba mai iya kutsawa cikin saƙonsa. A watan Yuni 1903, ana shirin nuna wannan fasaha a gaban manyan masana a Landan, sai na'urar ta fara buga kalmomin ba'a da ba a san daga ina suke ba. Ashe wani mai wasan rufa-ido ne, Nevil Maskelyne, ya kafa tasa na'urar a kusa, domin ya nuna wa duniya cewa iska ba ta da ƙofa balle a kulle.

An yi taro a Balin a 1906, inda ƙasashe suka amince da wasu dokoki, ciki har da alamar neman agaji ta SOS. Sai dai abin da ya girgiza hukumomi shi ne nutsewar jirgin ruwa na Titanic a watan Afrilu 1912. A daren 14 ga wata, mai kula da wayar iska a wani jirgi da ke kusa, Californian, ya aiko da gargaɗi cewa ƙanƙara ta tare su. Saboda kusancin jiragen biyu, siginarsa ta zo da ƙarfi ta danne saƙonnin fasinjoji da Jack Phillips na Titanic yake musaya da tashar Cape Race. Phillips ya daka masa tsawa ya yi shiru. Mutumin ya kashe na'urarsa ya kwanta, ba a jima ba jirgin ya daki dutsen ƙanƙara, mutum fiye da 1,500 suka halaka. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: maƙwabci na kusa, ko da ba da mugun nufi ba, shi ne yake danne muryar na nesa. A wannan shekarar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta lasisi, ta kuma kora masu rediyon sha'awa zuwa zangon da bai kai mita 200 ba, wanda a lokacin aka ɗauka ba shi da amfani. Su ne daga baya suka gano cewa wannan gajeren zango yana ƙetare nahiyoyi.

Rikicin ya sake dawowa da gidajen rediyo suka yawaita. A 1926 wata kotu a Amurka ta yanke hukuncin cewa sakataren kasuwanci, Herbert Hoover, ba shi da ikon tilasta wa gidan rediyo zama a zango ɗaya. Nan da nan gidaje suka riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri, kowa yana ƙara ƙarfin na'urarsa domin ya danne na kusa, har sauraro ya gagara. A 1927 aka kafa hukumar rabon zango, a shekarar kuma taron ƙasa da ƙasa na Washinton ya fitar da jadawalin da ya keɓe wa kowane irin aiki nasa yanki. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Janiba, ita ke riƙe da wannan jadawali har yau. Gana da Nijeriya da Nijar duk suna cikin shiyya ta ɗaya tare da Turai.

Yadda abin ya iso mu

A Gana, rediyo ta waya ya fara shigowa. Ranar 31 ga Yuli 1935 Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Accra, wadda Hausawan zango suke kira Ankara. Tana kamo shirye-shiryen BBC ta tura su ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidajen waɗanda suka biya. A irin wannan tsari babu katsalandan, babu kuma zaɓi: abin da aka turo shi za ka ji. Daga baya gidan ya girma ya zama gidan rediyon ƙasa, Hausa da Dagbani suna cikin harsunan da yake watsa shiri da su, kuma a zamanin Kwame Nkrumah aka buɗe sashen ƙetare a 1961, shi ma da Hausa a ciki. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957, mako ɗaya bayan samun 'yancin Gana.

Waɗanda suka tashi a zamanin gajeren zango sun san katsalandan da kunnensu. Mutum ya zauna da akwatin rediyo yana murɗa maɓalli a hankali a kan mita 16 ko 19 ko 25, yana kamo tasha, sai wata murya da wani harshe ta kutso ta gefe, ko fito ya taso ya rufe labarai. Wani lokaci yanayi ne, wani lokaci cunkoso ne, wani lokaci kuma da gangan ne, domin Tarayyar Sobiyet ta fara toshe Muryar Amurka a 1948, ba ta kuma daina irin wannan toshiya gaba ɗaya ba sai a ƙarshen 1988. Dattawanmu ba su karanta kimiyyar lantarki ba, amma sun san a ja eriya, a juya akwati, a fita tsakar gida, a nisanci injin niƙa. Ilimin da jikokinsu suke bukata a kan rauta bai yi nisa da wannan ba.

Har zuwa 1994 gwamnati ce kaɗai take da murya a iskar Gana. A ƙarshen wannan shekara Dokta Charles Wereko-Brobby ya buɗe Radio Eye a Accra ba tare da an ba shi zango ba, yana kafa hujja da tsarin mulkin 1992. 'Yan sanda suka kwashe kayan aikin, amma ƙofar ta riga ta buɗe. Joy FM ya fara a 1995, a 1996 kuma aka yi dokar da ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, wadda take raba zango ta kuma hukunta wanda ya ƙetare iyaka. Tamale ta samu nata rabo: Radio Savannah na gwamnati, da gidaje masu zaman kansu irin su Diamond FM da Zaa Radio. A 2017 hukumar ta hukunta gidajen rediyo 131 a kan batun lasisi, abin da ya jawo ka-ce-na-ce mai zafi. A 1995 ɗin nan ne dai kamfanin Nii Quaynor ya haɗa Gana da intanet cikakkiyar haɗawa.

Jujin da ya zama kasuwa

To, idan kowane zango yana da mai shi, kuma sai da lasisi ake shiga, yaya aka yi mai haya a Kasalgu yake kunna na'urar watsa sigina a ɗakinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba? Amsar tana cikin kicin. A 1945 Percy Spencer, injiniya a kamfanin Raytheon, ya lura cewa na'urar rada tana dumama abinci, daga nan aka ƙera murhun lantarki mai dumama abinci da igiyar rediyo. Irin waɗannan na'urori suna fitar da hayaniya mai yawa. Saboda haka a taron ITU na Atlantic City a 1947 aka keɓe wasu yankuna domin injunan masana'antu da na bincike da na asibiti, ciki har da kewayen megahaz 2,450. Wuri ne na zubar da hayaniya, juji ke nan, ba wanda ya yi tsammanin za a yi magana a cikinsa.

A watan Mayu 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, bisa ƙoƙarin wani injiniyanta, Michael Marcus, ta ba da izinin kowa ya yi amfani da waɗannan yankuna ba lasisi, bisa sharaɗin ƙaramin ƙarfi da kuma dabarar baza sigina a kan faɗi domin ta jure hayaniya. Wani reshe na wannan dabara, wato tsalle daga zango zuwa zango, shi ne wanda 'yar fim Hedy Lamarr da makaɗi George Antheil suka yi wa rajista a 1942, kodayake masu ba da labari kan zuzuta rawar da suka taka fiye da kima, har su ce su suka ƙirƙiro Wi-Fi. Bluetooth ne ya fi gadon wannan tsalle: yana da tashoshi 79, yana sauya wuri sau 1,600 a daƙiƙa. Shi kuwa Wi-Fi, kwamitin da Vic Hayes na ƙasar Holan ya jagoranta daga 1990 shi ya fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997. A 1999 aka fitar da mai sauri, kamfanin Apple ya sa shi a kwamfutarsa, kasuwa ta buɗe.

Sharaɗin wannan 'yanci shi ne ba ka da wurin kai ƙara. Gidan rediyo mai lasisi, idan wani ya shiga zangonsa, hukuma za ta bi masa hakki. Mai rauta kuwa dole ya haƙura da duk abin da ya tarar.

Lissafin 1 da 6 da 11

A nan ne ya kamata ɗalibi ya nutsu, domin lissafin ba shi da wuya amma shi ne gishirin maganar. Kalmar tasha, wadda muka aro daga Ingilishi, ta riga ta ɗauki tashar jirgi da tashar mota da tashar rediyo. Yanzu ga ta tana nufin layin da rauta take magana a kai. Yankin gigahaz 2.4 faɗinsa megahaz 83.5 ne kacal, daga 2,400 zuwa 2,483.5. An jera tashoshi a cikinsa da tazarar megahaz 5: ta 1 tana kan 2,412, ta 6 tana kan 2,437, ta 11 tana kan 2,462, ta 13 tana kan 2,472. Amurka ta tsaya a 11, Turai da mafi yawan ƙasashe suna kaiwa 13, Japan kaɗai ta ƙara ta 14. Matsalar ita ce siginar rauta faɗinta megahaz 20 ne zuwa 22. Wato an auna wurin zama na taku biyar, aka kawo tabarma mai taku ashirin. Wanda ya shimfiɗa tasa a tasha ta 4, gefenta ya hau kan ta 2 har zuwa ta 6, ya kuma taɓa duk wanda tabarmarsa ta kai nan. Tabarmi uku ne kawai suke shimfiɗuwa ba su haɗu ba: 1 da 6 da 11. Inda aka halatta 13, ana iya matsa huɗu, wato 1 da 5 da 9 da 13, amma sai in kowa a unguwar ya yarda da wannan tsari, abin da ba kasafai ake samu ba.

Mai hankali zai ce: idan maƙwabcina yana kan 6, ai gara in matsa zuwa 4 in ba shi wuri. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, dalilinsa kuma yana cikin tarihi. A 1971 Norman Abramson na Jami'ar Hawai ya haɗa kwamfutocin tsibiran da rediyo, kowace tana aika saƙo lokacin da ta ga dama, idan saƙonni suka yi karo a sake aikawa bayan ɗan jinkiri. Daga wannan aka gina ladabin da Wi-Fi yake bi: saurara kafin ka yi magana. Rautoci biyu da ke tasha ɗaya suna jin harshen juna, ɗaya ta yi shiru har ɗaya ta gama, kamar mutane a zaure. Gudu yana raguwa, amma saƙo yana isa. Idan kuwa ɗaya tana 4 ɗaya tana 6, ba su fahimtar juna, kowace tana jin 'yar'uwarta a matsayin hayaniya, sai su yi ta magana a kan juna, saƙo ya lalace, a sake aikawa, ya sake lalacewa. Zama a zango ɗaya da layi a bakin rijiya ya fi a kafa bukka a kan hanyar rijiyar.

Akwai wasu abubuwa biyu da masu sayar da rauta suke tallatawa waɗanda a gidan haya cutarwa suke yi. Na farko faɗin megahaz 40, wanda ya zo da ƙa'idar 2009. A gigahaz 2.4 wannan yana cinye kusan rabin yankin gaba ɗaya; a gidan da babu maƙwabci yana da amfani, a tsakar gida mai ɗakuna tara zalunci ne. Na biyu ƙara ƙarfin sigina. Rauta tana iya ɗaga murya, amma wayar hannu da za ta mayar da amsa ƙaramar murya gare ta, don haka ribar kaɗan ce, maƙwabci kuma ya sha wahalar da Phillips ya sha daga jirgin Californian. Shi ma zaɓin da na'ura take yi da kanta ba abin dogaro ba ne a wurin da ake ɗauke wuta. Yawancin ƙananan rautoci suna duba iska ne lokacin da suka tashi. Idan wuta ta dawo, duk sun tashi tare, kowace ta saurara ta ji shiru, sai su faɗa wuri ɗaya.

Yankin gigahaz 5 shi ne mafita ga wanda na'urarsa take da shi. Tashoshinsa sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma 36 da 40 da 44 da 48 ba su hawa kan juna. Wasu daga cikin na sama ana raba su da na'urorin rada, bisa yarjejeniyar taron ITU na 2003, saboda haka rauta takan bar su da kanta idan ta ji rada. Zangon wannan yanki kusan santimita 6 ne, na gigahaz 2.4 kuwa kusan santimita 12 da rabi. A kwatanta da mita 16 na rediyon kakanninmu. Gajartar tana sa ya kasa ratsa bangon bulo da siminti sosai. Ana ɗaukar wannan a matsayin aibi, ni kuwa a gidan haya alheri nake ganinsa, domin bangon da ya hana siginarka fita shi ya hana ta maƙwabci shigowa. A 2020 Amurka ta buɗe wani sabon fili a gigahaz 6 mai faɗin megahaz 1,200, sai dai yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu ba su kai can ba tukuna.

Wurin ajiye na'urar ma yana da nasa hukunci. Ƙarfe yana mayar da sigina, ruwa yana shanye ta. Rautar da aka ɓoye a bayan talabijin, ko a ƙasa kusa da firji, ko jikin bangon da tankin ruwa yake bayansa, ta yi asarar rabin ƙarfinta kafin ta fara aiki. A ɗaga ta sama, a fili, a tsakiyar wurin da ake amfani da ita, amma kada a manna ta da rufin kwano. Murhun dumama abinci, wanda shi ne ainihin mai jujin, yana aiki a kan 2,450, tsakanin tasha ta 8 da ta 9. Mai irin wannan murhu ya fi samun sauƙi a tasha ta 1.

Dole kuma a yi adalci: ba kowace tangarɗa ce daga cikin gida ba. Yawancin rautocin da na gani a Kasalgu da layin waya suke aiki, suna karɓo intanet daga turken kamfani. Idan jama'a suka taru a kan turke ɗaya da dare, sauya tasha ba zai ƙara komai ba. Gwajin mai sauƙi ne. A tsaya dab da rautar, ko a haɗa kwamfuta da ita ta waya. Idan gudu ya dawo, matsalar ta iskar gida ce. Idan bai dawo ba, daga waje take, sai a gwada matsar da na'urar kusa da taga.

A gidan da na sauka, maganar ta ƙare a gaban mai gida bayan sallar la'asar. Dattijo ne da ya yi shekaru yana sauraron labarai a gajeren zango, bai bukaci dogon bayani ba. Ya ce, "Malam, ai wannan rabon kwana ne. Ka faɗa wa kowa ɗakinsa." Muka ba ɗakuna biyu na gabas tasha ta 1, biyu na yamma ta 11, na tsakiya ta 6, muka mayar da faɗin kowace zuwa megahaz 20. Malamar makaranta, wadda rautarta take da gigahaz 5, ta koma tasha ta 36 ta bar musu filin. Tela ya sauko da tasa daga bayan talabijin ya rataya ta a saman ƙofa. Yankewar murya ta ragu sosai, ɗaliban suka iya bin darasinsu na dare, kodayake tsakanin ƙarfe takwas da goma gudun yakan ja baya saboda cunkoson turke. Kwana huɗu kafin in taso, wani sabon ɗan haya ya shigo ɗaki na tara da tasa rautar, ta tashi ta zauna a tasha ta 9. Mai gida ya aika yaro ya kira shi.